Sunayen da Ke Cikin Littafina

An sallame sallar asuba, sanyin hunturu bai sake mu ba, ni kuwa ina zaune da littafin da na cika da sunaye. Tun bayan girbin gero nake bin tsofaffin gidanmu, daga Filinge zuwa Shikal, ina tambayar wa ya haifi wa.

Da ɗan girman kai na soma, ba zan ɓoye ba. Kowane Bakurfaye irina yana son a ce kakansa na cikin ayarin da ya taso daga Adar ya sauka a kwarin Dallol Bosso, ko kuwa ya hau doki a bayan jagoran yaƙinmu Mayaƙi. Abin da na tarar daban ne.

Gwaggo, wadda ta fi kowa riƙo, ba ta lissafi da shekarun Nasara. Wane an haife shi kafin fara, wance an kai ta ɗaki bayan yunwa, haka ta ji daga bakin uwarta. Sai da na bi sawun zancen na gane 1931 take nufi, shekarar da fara da ƙarancin ruwa suka bar rumbuna wayam a yammacin Nijar, Faransawa kuma ba su fasa karɓar haraji ba. A nan layin wan kakana ya yanke. Ya tafi Kumashi neman kuɗin haraji, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Da muka zo kan mijinta kuwa, ta ja mayafi ta ce, "Kai ɗan nan, ba ka da ta ido? Rubuta Malam kawai." Haka na rubuta, har yau yana nan.

Akwai wata kakar da ake rage murya in an zo kanta. Ta shiga wasan bori na Babule da ya ɓulla a ƙasar nan wajen 1925, zamanin jagorarsa Shibo ta Shikal, har Nasara suka yi ta kame mutane. Wani kawuna ya ce in tsallake ta. Na rubuta ta. Nononta mahaifinsa ya sha, hisabinta kuwa ba a hannunmu yake ba. Suratul Hujurat ta riga ta koya mana cewa amfanin dangi da ƙabila shi ne sanin juna, fifiko kuma yana ga taƙawa, wadda ba a ganin ta a littafin asali.

Bara na shiga shekara da dogon jerin buri, kafin damina na manta rabinsa. Bana niyyar gajera ce: kowace asuba in ɗauki suna ɗaya in roƙa masa gafara. Sauran kuwa ya fi nauyi. A shafi na huɗu akwai ɗan baffana da muka daina gaisawa saboda iyakar gona. Yana da rai, ran Lahadi ma zai ci kasuwar Filinge. Yi wa mamaci addu'a ba wuya, tunda ba zai tsare ka da ido ba. In sha Allahu ni zan fara miƙa masa hannu.

Ya Allah, yau ranar wan kakana ce. Kai ka san ƙasar da ta rufe shi. Ka yalwata masa kabarinsa, in kuma ya bar baya a can, ka haɗa fuskokinmu.