Shan Maganin Baƙin Ciki Bai Kore Tawakkali Ba

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya halicci cuta ya kuma halicci magani. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, maganarmu ta wannan mako ta taso ne daga tambayar da wani tsohon ɗalibina ya zo mini da ita daga ƙasar Argungu. Yayansa manomin shinkafa ne a fadamar gulbin Rima, yana cikin waɗanda suka karɓi bashin noma bayan da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shirin lamunin manoma a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamba na 2015. Ambaliyar 2020 ta cinye gonarsa ƙurmus, ya yi shekaru yana fama da biyan bashi bai karaya ba, sai kuma uwargidansa ta rasu. Tun daga nan mutum ya sake. Abinci ba ya ciwuwa, barci ya ƙaurace masa, ya bar fita masallaci, har wata rana ƙanen ya ji shi yana cewa ya gaji da duniya. Da aka kai shi asibiti likita ya ce ciwon baƙin ciki ne, ya rubuta masa ƙwayoyi. To, sai kawunsu ya ce a zubar da su, wai wannan raunin imani ne, maganinsa haƙuri da istigfari, kuma ƙwayar ba ta da bambanci da ta 'yan maye. Ɗalibin nawa ya ce, "Malam, maganar wa za mu bi?"

Da farko dai ya kamata mu sani baƙin ciki ba alamar raunin imani ba ne. Allah Maɗaukakin Sarki ya ba mu labarin Annabi Yaƙubu, alaihissalam, a cikin Suratu Yusufa, cewa ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma ba a zarge shi a kan haka ba. Shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi sun sa mata suna shekarar baƙin ciki. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Wane ne a cikinmu zai ce ya fi waɗannan imani?

Sa'an nan magabata ba su ga aibi ba ga neman magani domin ƙuncin zuciya. Buhari ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, takan sa a dama wa waɗanda aka yi wa mutuwa talbina, watau wani kunu mai laushi, domin ta ji Manzon Allah yana faɗin cewa yana kwantar da zuciyar majinyaci, yana rage masa baƙin ciki. Wani malami mai suna Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 934, ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar mutuwa ko hasarar dukiya, da wanda yake auka wa mutum ba tare da dalili bayyananne ba, ya ce wannan na biyun tushensa a jiki yake, yana bukatar maganin jiki. A nan ƙasarmu ma Malam Abdullahi na Gwandu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello duk sun yi rubutu a kan ilmin magani. Saboda haka wanda ya ce shan magani ya kore tawakkali, to, ya manta da umurnin da Annabi ya yi wa mai raƙumi cewa ya ɗaure shi tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah.

Amma fa ba kowane ɓacin rai ne ake sha wa ƙwaya ba. Likitoci suna kiran abu ciwo ne idan ƙuncin ya zauna wa mutum kusan kullum har mako 2 ko fiye, ya raba shi da jin daɗin abin da ya saba jin daɗinsa, ya taɓa cinsa da barcinsa, ya hana shi sana'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da wannan ciwo. Idan mai sauƙi ne, akan fara da shawara da tattaunawa da masana, da motsa jiki, da taimakon dangi. Idan ya yi nauyi, kamar na wannan bawan Allah, nan ne magani yake da amfani ƙwarai.

An fara gano waɗannan magunguna cikin shekarun 1950. Daga cikin na dā akwai amitiriftilin, wanda har yanzu ake bayarwa da yawa saboda arha. Daga cikin na baya akwai fulokzetin, wanda aka fi sani da Prozac, da aka yarda da shi a Amurka a 1987. Aikinsu shi ne gyara yadda waɗansu sinadarai, kamar sirotonin, ke kai saƙo tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 522 a kan magunguna 21, aka samu dukansu sun fi ƙwayar da ba kome a cikinta amfani ga manya, ko da yake fifikon matsakaici ne, kuma ba kowa yake dacewa da na farkon da aka ba shi ba. Ba su aiki nan take. Sai an yi mako 2 zuwa 4, wani lokaci har 6, kafin a ga sauƙi. Su kuma ba za su biya wa mutum bashi ba, ba za su dawo masa da mamaci ba. Iyakarsu su ɗaga masa nauyin da ya danne shi, har ya iya tashi ya yi alwala, ya ci abinci, ya fuskanci lamarinsa.

Game da batun maye kuwa, abin da shari'a ta haramta shi ne abin da ke rufe hankali. Waɗannan magunguna, in an sha su yadda likita ya ce, ba su bugarwa, ba su kawo nishaɗin da mashayi ke nema. Kada a haɗa su da tiramol, ko kodin ɗin da Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari da shi a 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Kawun nan ya ga ɓarnar ƙwaya da idonsa, tsoronsa yana da dalili, sai dai ya yi wa abu biyu mabambanta kuɗin goro.

To, amana ce a kaina in faɗi illolinsu kamar yadda na faɗi amfaninsu. Irin na baya sukan kawo tashin zuciya, da ciwon kai, da rashin barci ko yawansa a kwanakin farko, galibi kuma yakan lafa. Amitiriftilin yakan busar da baki, ya ɗaure ciki, ya sa gyangyaɗi da jiri in an miƙe da sauri, ya kuma ƙara ƙiba; mai tuƙa mota ko babur, da masunci mai shiga kwalekwale, sai su kiyaye. Akwai kuma wata illa da kunya ke hana mutane faɗi, watau raunin sha'awa tsakanin miji da mata. Wannan haƙƙin aure ne, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gaya wa likita, domin yana iya rage maganin ko ya sauya wani, maimakon a yi shiru har zargi ya shiga gida.

Haɗarin da ya fi waɗannan girma guda 4 ne. Na farko, a makonnin farko tunanin halaka kai yana iya ƙaruwa ga waɗansu, musamman yara da matasa. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a 2004, ta faɗaɗa shi a 2007 ya haɗa da duk wanda bai kai shekara 25 ba. Na biyu, amitiriftilin in ya wuce ƙima yana taɓa bugun zuciya har ya yi kisa, don haka a ba wani amintacce ajiyarsa, a nisanta shi daga yara. Na uku, haɗa su da tiramol yana iya jawo zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa da farfaɗiya. Na huɗu, wanda ciwonsa mai hawa da sauka ne, watau yau ƙunci gobe zumuɗi da surutu da rashin barci, maganin shi kaɗai yana iya tayar masa da hankali. Mai ciki da mai shayarwa, da mai ciwon zuciya, da mai shan waɗansu magunguna ko sassaƙe, lalle ne su sanar da likita.

Haka nan kada a yanke shan magani rana ɗaya don an ji sauƙi. Akan ci gaba da shi aƙalla wata 6 bayan an warke don kada ciwon ya dawo, sa'an nan a riƙa ragewa sannu a hankali. Wanda ya yanke farat ɗaya yana iya jin jiri, da tashin zuciya, da saurin fushi, da munanan mafarkai. Azumi ma ba dalilin yankewa ba ne, tun da yawancinsu sau ɗaya ake sha a rana. A tambayi likita ya mai da lokacin zuwa sahur ko bayan shan ruwa.

Ina kuma jan kunnen masu kemis da masu tallar magani a kasuwa. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin likitanci ba, to, alhakin abin da ya auku yana wuyansa. Kada wani ya ba maƙwabcinsa ragowar ƙwayarsa don ya ga ciwonsu ya yi kama. A je Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko babban asibitin Argungu, in abin ya fi ƙarfinsu ga asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kware. Zuwa can ba abin kunya ba ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tabbatar wa irin waɗannan majinyata mutuncinsu.

Abin da na ce wa ɗalibina shi ne, ya koma ya gai da kawunsu cikin ladabi, ya karanta masa wannan bayani, ya roƙe shi ya zama shi ne mai ajiye maganin, yana ba majinyacin da hannunsa. Haƙuri da istigfarin da ya faɗa gaskiya ne, a haɗa su da maganin, a yi masa addu'a, a riƙa jansa zuwa jam'i ba da faɗa ba. Na ce kuma maganar nan ta gajiya da duniya kada a ɗauke ta wasa: kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe maganin feshi da na ƙwari daga ɗakinsa, in ya sake faɗi a koma da shi asibiti a ranar. Allah ya hana mu kashe kanmu a cikin Suratun Nisa'i, ya kuma gaya mana a wurin cewa shi mai jinƙai ne gare mu. Wanda ya tsare ɗan'uwansa daga wannan, ya ceci rai.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan mamatanmu, ya biya wa masu bashi bashinsu, ya tsare mana amfanin gonakinmu. Allah shi ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.