JAMI'A KO HASUMIYAR FILIN JIRGI?



Makon jiya bayan karatunmu na tsakanin Magariba da Isha, wani matashi ya jira har jama'a suka watse, sannan ya matso ya ce, "Malam, ina da tambaya, amma fa ba ta fiƙihu ba ce." Na ce ya faɗa. Da muka gama ya yarda in kawo maganar nan, da sharaɗin kada in ambaci sunansa.

Ya gama digirinsa na farko a fannin Fiziks, ya yi hidimar ƙasa. Sai ga ƙofa biyu sun buɗe masa lokaci guda. Jami'a ta ba shi gurbin digiri na biyu, malamansa kuma suna ta ce masa ya zauna, watarana shi ma lakcara ne. A ɗaya gefen, sunansa ya fito cikin waɗanda za a horar su zama jami'an kula da zirga-zirgar jiragen sama, wato mutanen nan da ke zama a hasumiyar filin jirgi ko gaban na'urar rada, suna gaya wa matuƙi ya tashi, ya dakata, ya ƙara sama, ya sauko. Abin mamaki, makarantun biyu duk a Zariya suke, kusan a kan hanya ɗaya: Jami'ar Ahmadu Bello ta Samaru da aka buɗe a 1962, da kwalejin sufurin jiragen sama ta Palladan da aka kafa a 1964, wadda Zage-zagi ke ce wa Abiyeshin.

Mahaifinsa burinsa a kira ɗansa Dakta. Shi kuwa yaron shi ne babba, ga ƙanne a bayansa, ga halin da ake ciki a ƙasa. Ya ce, "Malam, in na bar karatu na tafi wancan saboda albashi, ban sayar da ilimi da abin duniya ba? Wanne ya fi lada?"

Wannan ban daɗe a kanta ba. Na ce masa, ɗana, wa ya ce maka abin da za a koya maka a Palladan ba ilimi ba ne? Yanayin iska da hazo, dokokin sararin samaniya, lissafin tazara da gudu, duk karatu ne, da jarrabawa da lasisi. Duk shekara dubun-dubatar alhazanmu suna tashi daga Kano da Sakkwato da Maiduguri zuwa Jidda da Madina, kuma babu jirgin da zai ɗaga ƙafa sai da izinin wani bawan Allah a hasumiya. Abin da al'umma ba ta iya zama babu shi, malamai sun sanya shi cikin farillan kifaya, kamar likitanci, kamar noma. Son albashi na halal don ka ɗauke wa tsoho nauyin gida kuwa ba abin da za ka sunkuyar da kai ba ne. Digiri na biyu a Fiziks ma ai ba i'itikafi ba ne, shi ma a ƙarshe albashi ake karɓa.

Akwai labarin Imamu Malik da nake yawan tunawa. Wani mai yawan ibada a Madina, al-Umari, ya rubuta masa yana kiransa ya bar zaman karantarwa ya keɓe don ibada. Malik ya mayar masa da amsa da ma'anar cewa Allah Ya raba ayyuka tsakanin bayi kamar yadda Ya raba arziƙi, wani an buɗe masa salla, wani sadaka, wani yaɗa ilimi, kuma yana fatan dukkansu biyun suna kan alheri. To maganar "wanne ya fi lada" ba a amsa ta a sarari haka, sai an san waye mai tambayar.

Gaskiya ni kaina ban san aikin nan sosai ba a da. Abin da na sani shi ne zaman jira a filin jirgi lokacin hunturu, hazo ya rufe gari, an ɗage tashi, muna ta ƙunƙuni kamar da gangan aka yi mana. Sai da na zauna da wani dattijo da muke salla tare, wanda ya yi ritaya daga wannan aikin, na fahimci abin da ake ɗora wa mutum. Jirgin fasinja a can sama yana gudun da ya haura kilomita 800 a awa. In biyu suka fuskanci juna, duk sakan ɗaya kusan rabin kilomita ke raguwa a tsakaninsu. Tazarar da ake bari tsakanin na sama da na ƙasa ƙafa 1,000 ce kacal a yawancin hanyoyi. Duk umarnin da jami'i ya bayar sai matuƙi ya maimaita masa shi, shi kuma ya kasa kunne ya tabbatar an ji daidai, kuma duk abin da aka faɗa ana naɗarsa. Babu "ai ba haka na ce ba."

Na tambayi dattijon, Alhaji, me ya fi wahala a aikin? Na zaci zai ce aikin kwana, ko ranar Sallah kowa na Idi kai kana bakin aiki. Sai ya ce a'a. Abin da ya fi wahala shi ne ka gane ka yi kuskure, ka faɗa nan take, a gaban abokan aikinka, da muryar da ake naɗa, ka janye umarninka ka ba da wani, ba tare da ka tsaya neman yadda za ka rufa wa kanka asiri ba. Da kuma ranar da ba ka yi barci ba saboda yaro ba lafiya, ka iya buɗe baki ka ce wa shugabanka, yau kaina ba daidai yake ba, a canje ni.

Shi ya sa na juya wa matashin tambaya. Na ce, yaushe rabonka da ka ce "ni ne na yi kuskure" tun kafin a gano ka? Ya yi dariya, ya yi shiru.

Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya, tarbiyyarmu tana da abubuwa masu kyau ƙwarai, kunya da kara da girmama na gaba. Amma mun saba da wani abu kuma: ƙarami ba ya gyara wa babba, babba ba ya cewa ban sani ba, in an yi ɓarna a ce "Allah Ya kiyaye gaba" a tashi. A wasu ayyukan wannan halin yana jawo asarar kuɗi ne. A wannan aikin rayuka yake ci. Hatsarin jirgin sama mafi muni a tarihi a ƙasa ya faru, ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife na Sifen. Manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Matuƙin ɗayan, babba ne sosai a kamfaninsu, ya ɗauka an ba shi izinin tashi alhali ba a ba shi ba. Injiniyan da ke zaune bayansa ya yi shakka, ya tambaya ko ɗayan jirgin ya bar titin, babban ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa ya bari, maganar ta mutu a nan. Bayan wannan ne aka gyara ƙa'idar magana, ta yadda ba a furta kalmar da ke nufin tashi sai lokacin ba da izinin tashin ko soke shi.

A ranar 1 ga Yuli 2002 kuma, a kudancin Jamus, jirage biyu suka yi karo a sama da dare, mutum 71 suka rasu, mafi yawansu yara ne 'yan makaranta daga Rasha. Jami'i ɗaya ne a Zurik yake kula da tebur biyu, abokin aikinsa ya tafi hutawa kamar yadda aka saba yi da dare, wasu na'urori kuma ana gyaransu. Ba mugu ba ne, ba jahili ba ne. Ya ankara ne a makare. A 2004 wani mutum da ya rasa matarsa da 'ya'yansa biyu a hatsarin ya je har gida ya kashe shi. Inna lillahi. Ban ba matashin labaran nan don in tsorata shi ba, na ba shi ne don ya san nauyin da ke tare da albashin da yake hange.

Kun san Abu Zarrin al-Gifari, Allah Ya yarda da shi. Ya nemi Annabi (SAW) ya ba shi wani muƙami, Annabi ya gaya masa cewa shi mai rauni ne, abin kuma amana ce. Ba imaninsa ne mai rauni ba, wa ya kai shi gaskiyar harshe da gudun duniya? Yanayinsa ne bai dace da wannan nauyin ba. Annabi Yusuf (AS) kuwa da kansa ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, don ya san zai iya tsarewa kuma ya san aikin. Ɗaya an hana shi, ɗaya ya nema, kuma babu wanda aka zarga. Mutum nagari yana iya zama bai dace da aiki nagari ba, kuma sanin hakan ba ƙasƙanci ba ne.

Akwai mutumin da Allah Ya yi shi mai nazari a hankali. Yana son ya juya mas'ala kwana uku, ya yi shakka, ya koma ya sake dubawa. Wannan a jami'a zinare ne, a hasumiya kuwa hatsari ne. Akwai kuma wanda zaman ɗakin karatu ke kashe masa jiki, amma in abubuwa biyar suka taso lokaci guda kansa ba ya ɗaukar zafi. Kada wani ya ɗauka jami'a ba ta da tata amanar. Lakcaran da ke shiga aji bai shirya ba, ko yake ba da maki don sanayya, shi ma yana kashe mutane, sai dai nasa a hankali ne, ba ya fitowa a labarai, shi ya sa muke raina shi. Bambancin shi ne malami in ya yi kuskure yau zai iya dawowa gobe ya ce wa ɗalibai ku goge abin da na ce jiya.

Ga wani abu kuma da na ga yana cin zuciyar yaron ko da bai faɗa ba. Lakcara ana saninsa. Ana gaishe shi a ɗaurin aure, ana sa masa Dakta a katin gayyata. Jami'in hasumiya zai yi shekara talatin yana sauke mutane lafiya, fasinja ko ɗaya bai san sunansa ba. In jirgi ya sauka matuƙi ake yaba wa. Ranar da za a ji sunanka ita ce ranar da ba ka so. Wasu wannan ya yi musu daɗi, har suna ganin ya fi kusa da ikhlasi. Wasu kuma zai riƙa cinsu a rai duk sanda suka ga abokin karatunsu ya zama Farfesa. Ka san wanne ne kai tun yanzu.

Ra'ayina, tunda ya matsa sai na faɗa: in ya auna kansa ya ga zai iya, ni hasumiyar na fi karkata gare ta, saboda dalili ɗaya mai sauƙi. Ƙofar jami'a tana daɗewa a buɗe, mun ga masu shekara hamsin suna kare digirin digirgir. Wancan aikin kuwa yana son ƙuruciya da lafiyar ido da kunne, har a Amurka ba sa ɗaukar sabon shiga da ya kai shekara 31, kuma a 56 ake ritaya. Amma na ce masa kada ya yanke sai ya nemi izini ya je ya ga aikin da idonsa, ya zauna da masu yinsa, ya tambaye su yadda suke yi da salla da Juma'a in suna bakin aiki, da yadda iyali ke jure aikin kwana. Sannan ya yi istihara, raka'a biyu da addu'ar da aka koyar, kuma kada ya zauna jiran mafarki, ba sharaɗi ba ne.

Saura maganar tsoho. Zaɓin sana'a ba ya cikin abin da uba zai tilasta wa baligi, amma wallahi ban ga amfanin aikin da za a fara shi da ɓacin ran mahaifi ba, alhali ana iya lallashinsa. Na ce kada ya je masa da hujjoji kamar mai muhawara. Ya je ya durƙusa ya ce, "Baba, ga abin da nake gani, ku duba min, ku sa albarka. Karatun kuma ban bar shi ba, in Allah Ya so zan koma." In kuma ya faɗi haka, to alkawari ne, ya cika.

Jiya ya turo min saƙo cewa sun yi maganar. Baban bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai ce a kira masa dattijon nan mai ritaya yana son ya ji daga bakinsa. Mun sa ranar Asabar bayan La'asar, ni zan raka shi. Ku sa yaron a addu'a.