GANDU DA GAYAUNA: Ɗalibi, Zane Da Neman Kuɗi

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na arewacin Kano, daga Minjibir zuwa Dambatta har Kunchi, ya san gandu ya san gayauna. Gandu ita ce gonar gida, wadda kowane ɗa zai duƙa a cikinta tun da safe har azahar a ƙarƙashin maigida. Gayauna kuwa ɗan yanki ne da uba kan yankar wa ɗansa ya noma da yamma, abin da ya samu nasa ne, ya ɗinka riga ko ya tara na aure. Na kawo wannan ne domin wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: shin ya dace ɗalibi ya riƙa neman kuɗi da basirarsa tun yana kan bencin makaranta?

A shekarar 2024 ina da wani yaro a aji biyar na sakandare wanda gyangyaɗi ya aure shi. Ran nan na kama shi da waya a ƙarƙashin tebur, na karɓe, ina tsammanin zan tarar da shirmen da aka saba. Sai na tarar da zane-zane: katin gayyatar ɗaurin aure, tambarin wani shagon magani, fastar ɗan takarar kansila, da bangon wani littafin soyayya. Na ce, "Kai, wa ya yi waɗannan?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ne." Ashe da yatsa yake yi, da manhajojin PixelLab da ibisPaint, a kan tsohuwar wayar da yayansa ya sayo masa a kasuwar Farm Centre. Ana aiko masa da aiki ta WhatsApp, a turo kuɗi ta OPay, ya je wajen mai POS ya cira. Kati dubu biyu, bangon littafi dubu biyar. Cikin dare yake aikin, shi ya sa yake rama barci a ajina.

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai ya ce da wannan kuɗin ya taimaka wa babansa aka sayi takin zamani a daminar da ta wuce, kuma da shi yake tara kuɗin jarrabawar NECO. Jama'a, sai bakina ya mutu. Me zan ce masa? Gonar da kakansa ya ci da gida guda, yau gado ya yayyanka ta har ta koma kamar tabarma. Ya ga yayyensa sun zauna wata takwas a gida lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2022. Ya ga masu digiri suna zaman majalisa. In na ce ya bar abin da ke hannunsa ya jira takarda, ai zai ce mini gwamma ƙwai a baka da kaza a akurki.

Alal haƙiƙa, haɗa karatu da sana'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Gardi a tsangaya da ɗinkin hula yake riƙe kansa. Wani da zayyanar allo yake samun na sabulu, a kawo masa allon mai sauka ya ƙawata shi da launuka a biya shi, ba wanda ya taɓa cewa ya zubar da girman ilimi. Tunanin cewa ɗalibi ya naɗe hannu sai ya gama a ba shi ofis, boko ne ya zo mana da shi, kuma ofisoshin ba su isa kowa ba. Saboda haka ni dai ban ga aibin kuɗin da yaro ya samu da guminsa ba. Batun hukuncin zana mai rai kuwa fage ne na malamai, kuma yawancin aikin yaran nan rubutu ne da ado da tambari.

To ina matsalar take? Tana wuri biyu, kuma dukkansu ba a ganinsu da wuri.

Na farko, mai ba da aiki yana biyan ka ne a kan abin da ka riga ka iya, ba ya taɓa biyan ka a kan abin da ba ka koya ba tukuna. Da na duba ayyukan yaron nan da kyau, sai na ga katin da ya yi a watan Janairu da wanda ya yi a watan Yuni duk ɗaya ne, suna kawai ake canzawa. Fure ɗaya, ruwan zinare ɗaya, domin abin da kasuwa ke so ke nan. Hannunsa ya yi sauri, amma bai ƙara girma ba. Manomi ya san wannan. Komai tsananin bazara, akwai damin da ba a taɓawa, domin iri ne. Wanda ya sussuke irinsa ya kai kasuwa, ya ƙoshi yau, amma ranar da ruwa ya sauka sai ya tsaya kallon gonar maƙwabci. Irin ɗalibi shi ne lokacin da yake koyon abin da ba mai biyansa: lissafin da ya gagare shi, Turancin da zai karanta yarjejeniya da shi, da zanen da zai yi don kansa ya ɓata ya sake. Bugu da ƙari, tun daga 2022 aka samu manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Midjourney, waɗanda za ka rubuta musu jimla su fito da hoto cikin ƙiftawa da Bismillah. Aikin maimaici shi ne farkon abin da inji ke ƙwacewa. Wanda zai tsira shi ne mai abin da ke cikin kai, ba mai saurin yatsa kawai ba.

Na biyu ya fi nauyi. Bayan wasu watanni yaron ya same ni a gindin darbejiyar makaranta ya ce yana da tambaya. Wani mutum ya turo masa hoton takardar sakamakon jarrabawa, yana son a mayar da F9 ta koma C6 a darasi biyu, zai biya dubu ashirin, wato kuɗin kati goma. Ya ce, "Malam, ni fa zane kawai zan yi, shi ne zai kai inda zai kai. Ai maƙeri ma yana ƙera wuƙa." Na ce, "Ɗana, wuƙa tana yanka albasa, tana fiɗar rago, mai kisa da ita shi ya karkatar da ita. Wannan takarda fa, wane amfani gare ta ban da yaudara?" Ya yi shiru. Abin da ba shi da aiki sai ƙarya, wanda ya ƙera shi ya riga ya yi ƙaryar tun kafin a kai ta ko'ina. Ya ƙi aikin. Ba zan ɓoye muku ba, kafin kwana biyu mutumin ya samu wani ya yi masa, kuma yaron ya ji zafin kuɗin da ya wuce shi. Amma a ranar ne na tabbata ya zama mai sana'a, domin wanda ba ya iya cewa a'a, ba shi ne ke da hannunsa ba, haya ya ba da shi.

Yanzu bari in juyo gare mu, 'yan uwana marubuta. A shekarun 1990, lokacin da littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino suka cika kasuwa, sau da yawa bango ne ke fara jawo mai saye kafin ya karanta layi ɗaya. Yau da labaranmu suka koma WhatsApp da Wattpad, yaran nan ne ke yi mana bango. Mu da kullum muke kukan ana cin guminmu, nawa ne a cikinmu suka ce wa yaro "yi mini don Allah", ko suka karɓi aiki suka yi ta ja masa rai a kan dubu uku? Nawa ne suka sa sunan mai zanen a littafi? Nawa ne suka taɓa tambayar sa ko yana cikin jarrabawa kafin su ce lallai gobe da safe suke so? In yaro ya kwana a kan bangon littafinka ya faɗi jarrabawa, kana da kaso a cikin faɗuwar.

Na mayar wa yaron wayarsa bisa sharaɗi uku: ba aiki daga Litinin zuwa Alhamis, ba karɓar aiki a watan jarrabawa, kuma kowane mako ya kawo mini zane ɗaya wanda ba wanda ya saya. Na farkon da ya kawo, rumbunan gidansu ne da kaka, an jingine damman gero, akuya tana leƙe. Ya fi duk katunan kyau nesa ba kusa ba.

Iyayenmu ba su hana ɗa gayauna ba, domin sun san a nan yake koyon zama mutum. Abin da ba su yarda da shi ba, shi ne a bar gandu da safe a tafi gayauna. Allah Ya sa mu gane, Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, amin.