Wasan Yara a Hannun Dattijo

Idan mutum ya mutu aka zo taƙaita rayuwarsa, akwai jerin da aka saba bi. In ya taɓa yin soja, da wannan ake farawa. Sai a ce ya riƙe iyalinsa da amana. Can a ƙarshe, kamar ana jin nauyi, a ambaci abin da yake yi don nishaɗi. Rayuwar wani Ba'amurke mai suna Maynard Hill ce ta sa na fara shakkar ko wannan jeri daidai ne.

An haifi Hill a 1926 a jihar Pennsylvania. Yana matashi ya shiga sojan ruwan Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙi ya karanci kimiyyar ƙarafa, ya yi aiki shekaru masu yawa a wata cibiyar bincike ta Jami'ar Johns Hopkins. Amma tun yana yaro abu ɗaya ne ya shiga ransa: haɗa ƙananan jiragen sama da gam da wani itace marar nauyi da ake kira balsa. Har a kwanakin angoncinsa sai da ya fita sayen itacen da gam.

Ranar 9 ga Agusta, 2003, yana da shekara 77, idonsa ya kusa rufewa, kunnensa ya yi nauyi, ya cilla wani jirgi da ya haɗa daga Cape Spear, a gabashin Kanada. Ƙa'ida ita ce kada jirgin ya wuce kilo 5, har da man da ke cikinsa. Wata ƙaramar na'ura mai aiki da GPS ce ta riƙe masa hanya a kan Tekun Atlantika. Bayan awa 38 da minti 52, da tafiyar sama da kilomita 3,000, abokan aikinsa suka sauke jirgin a gaɓar ƙasar Ayilan, kusa da garin Clifden. Man da ya rage bai cika ƙaramin kofin shayi ba. Kafin wannan, jirage huɗu ya cilla, teku ya cinye su. Saboda raunin gani, jan launi yake zubawa a gam don ya ga inda ya shafa.

To, a cikin ukun nan, soja da miji da mai haɗa jirgin wasa, wanne ne ya fi nuna ko wane ne shi?

Ba na raina aikin soja. Wanda ya sa kaki lokacin yaƙi ya miƙa ransa ne, ko harsashi ya same shi ko bai same shi ba. Sai dai yaƙi zamani ne ke jefa matashi a ciki, shi da miliyoyin tsaransa, cikin 'yan shekaru kuma ya ƙare. Aure da sha'awa kuwa babu kwamandan da ke tilasta su. Kullum gari ya waye mutum ne da kansa yake sake zaɓensu, ba albashi, ba lambar yabo. Abin da mutum ya yi ta komawa gare shi shekara saba'in ba wanda ya aike shi, a nan nake ganin halinsa ya fi fitowa.

A wajenmu, da za a ga dattijo mai furfura yana manna fikafikan jirgin wasa, za a fara raɗe-raɗin ko tsufa ya taɓa shi. Yaron da ya ƙware a motar kara ko ta gwangwani muna yaba masa, amma da ya fara girma sai mu ce ya bar shirme. Mun ɗauka duk abin da bai kawo kuɗi ba wasa ne, wasa kuma na yara ne. Amma haƙurin da zai sa makaho ya yi asarar jirgi huɗu ya cilla na biyar, shi ne dai haƙurin da muke yabo a wajen manomi da malami.

Sai dai akwai tambaya mai nauyi, kuma ta mata ce: wa ke biyan kuɗin wannan sha'awa? Awannin da miji ya shafe a ɗakin aikinsa daga lokacin wani aka ɗebo su. Mun san mazan da majalisa ko kallon ƙwallo ko waya suka zame musu mafakar guje wa gida, a waje ana yabonsu, a ciki ana haƙuri da su. Sha'awa kan zama son kai da aka yi wa ado.

Abin da ya ba ni amsa a labarin Hill shi ne inda matarsa Gay take a ranar. Tun da ido ya hana shi tuƙi, ita ta tuƙo shi daga jihar Maryland har Newfoundland, tafiyar kwanaki. Da labari ya iso cewa jirgi ya sauka lafiya, ita ya rungume, ya fashe da kuka. Matar da aka rufe wa ƙofa shekara da shekaru ba ta yin wannan tafiya. Ma'aunin ke nan a ganina: sha'awar da ta bar wa iyali wurin zama a cikinta tana ƙara wa gida, wadda ta kore su kuwa cin amana ce, ko da ta kafa tarihi.

Hill ya rasu a 2011 yana da shekara 85. Da ni aka ba rubuta ta'aziyyarsa, ba zan goge sojan ba, amma ba da shi zan fara ba. Zan fara da tsoho da jan gam a yatsunsa, da matar da ke jiransa a mota.