ƊAKIN KARA DA AKWATIN ƘURI'A

Jama'a, kowane gari da abin da a ke yi masa kirari da shi, wani da kasuwa, wani da jarunta. Mu a Katsina da kara a ke yi mana, a kan ce ɗakin kara, a kuma ce abin da ke gare mu kunya ce, ba tsoro ba. To, ga maganar da mu ke so mu ɗora bisa faifai yau. In zaɓe ya zo, maƙwabcinka ya bi wata jam'iyya, kai ka bi wata, ina kara za ta zauna? Za ka yi masa kara ka binne abin da ka gani gaskiya ne, ko kuwa za ka riƙe gaskiyarka ka yar da shi?

Wannan magana ta daɗe. An kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, ta zama ta siyasa a 1951, ƙasar Hausa ta dāre biyu. Dattawan da suka ga zamanin nan sun ba da labarin yadda aka ɗaure mutane saboda ra'ayi, aka kashe aure, wani ya ƙi bin wani salla. Da siyasa ta komo a 1979, sa'an nan Katsina na cikin Jihar Kaduna, sai Balarabe Musa na PRP ya ka da Lawal Kaita na NPN a kujerar gwamna, amma NPN ta rinjaya a majalisa. Majalisa ta ƙi yarda da kwamishinonin da ya kawo, aka yi ta ja-in-ja kusan shekara biyu, har aka tsige shi a watan Yuni 1981. Shugaban majalisar da ta tsige shi, Mamman Abubakar Ɗanmusa, mutumin ƙasar Katsina ne. Mataimakin da ya gaje shi, Abba Musa Rimi, shi ma haka. Watau kowane gefe ka duba, namu ne a ciki.

A cikin wannan zamani ne aka ga wani abin lura a gida guda cikin birni. Alhaji Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina, wanda ya yi minista a ƙarƙashin NPC, yana cikin manyan NPN. Ɗansa Umaru kuwa, malamin makaranta, yana PRP, jam'iyyar da ke cewa a rage ƙarfin masu sarauta a ɗaga talaka. Ra'ayin ɗa ya saɓa da na uba, amma gida bai rushe ba, har daga baya ɗan ya gāji sarautar Matawalle. Harshe da haƙori ma a kan saɓa, ba wanda ya taɓa barin baki.

To, me za mu tsinta a nan? Mu a ganinmu, kara da abin da ka mallaka a ke yinta. Ka tashi ka ba dattijo shimfiɗarka, ka bar wa baƙo rabonka, ka haɗiye baƙar magana ga ta a bakinka, duk wannan kara ce, gama naka ne ka bayar. Ƙuri'a kuwa shaida ce, kana faɗa wa jama'a wanda ka ga ya fi cancanta ya riƙe dukiyarsu da lafiyarsu. Wa ya taɓa jin an yabi mutum don ya yi shaidar zur gaban alƙali saboda kunyar surukinsa? Wanda ya jefa ƙuri'a don kunya, ko don 'yan kuɗi, ya yi kyauta da kayan marayu. Amma mutuncin maƙwabcinka shi ma ba naka ba ne, balle ka ƙwace ran da ya saɓa maka. Allah ne ya girmama ɗan Adam, tun ba a san jam'iyya ba. Saboda haka abu biyu ke wuyan mai zaɓe, ya ƙi ra'ayin da ya ga ɓata ne ba tare da kwana-kwana ba, ya kuma bar mai ra'ayin da mutuncinsa.

Wani zai ce, "Af, wannan magana ce ta mai ƙoshi. Wanda ya zaɓi azzalumi ai ya taya zalunci, ina zan ga fuskar gaishe shi?" Lalle maganar nan tana da nauyi, don zaɓe na jawo yunwa ko ƙoshi, tsoro ko kwanciyar rai. Amma a tuna, da aka aiki Annabi Musa da Annabi Haruna wurin Fir'auna, umurnin da aka yi musu shi ne su yi masa magana mai laushi, ko ya tuna. Kai ba ka kai Musa ba, maƙwabcinka kuwa bai kai Fir'auna ba. Bayan haka, mai zaɓe ba ya sanin gaibu. Mu nawa ne muka yi wa mutum ihu a wannan zaɓe, muka ciji yatsa kafin na gaba? Wanda ya san shi ma ya taɓa ɓata hanya ba ya jifar makaho. Kuma ba mu taɓa ganin wanda zagi ya sauya wa ra'ayi ba, sai dai ya ƙara kafewa.

Malamanmu sun riga mu. Imamu Shafi'i almajirin Imamu Malik ne, ya saɓa masa a mas'aloli da yawa, bai kuwa fasa girmama shi ba. Kakanninmu ma, bayan yaƙe-yaƙe, sun mai da gaba wasa, shi ya sa Bakano ke tsokanar Bazazzagi, Bafulatani ke tsokanar Babarbare, a yi dariya a rabu lafiya.

A 2007 mutum biyu na jiharmu suka nemi shugabancin Nijeriya, Umaru Musa 'Yar'aduwa a PDP, da Muhammadu Buhari na Daura a ANPP. Ran 29 ga Mayu, wajen rantsuwa, wanda aka ce ya ci ya faɗa da bakinsa cewa zaɓen na da naƙasa, daga baya kuma ya naɗa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais don gyara. Wanda aka ce ya faɗi bai yarda ba, ya kai ƙara, ya bi ta har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a watan Disamba 2008. A gwama wannan da abin da ya biyo bayan zaɓen Afrilu 2011, sa'ad da tarzoma ta tashi a jihohin Arewa, har da tamu, mutum fiye da 800 suka halaka cikin kwana uku. Yawancin waɗanda suka mutu talakawa ne, ba wanda ya nemi kujera a cikinsu. Su masu neman kujera kuwa, a 2015 Goodluck Jonathan ya ɗauki waya ya yi wa Buhari murna. In manya na iya gaisawa, don me na ƙasa za su ƙone wa juna rumfa?

Yau Umaru na kwance a maƙabartar Ɗanmarna tun 2010, Buhari na kwance a Daura tun 2025, Allah ya ji ƙansu. NEPU da NPC da NPN duk sun shuɗe. Maƙwabcinka kuwa yana nan, shi zai fara zuwa da bokiti ran da gobara ta tashi, shi zai ɗauki makararka. Mu yi gardama a zaure har dare, kowa ya je ya jefa ƙuri'arsa inda zuciyarsa ta natsu, in gari ya waye mu gaisa, mu tambayi iyali. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya, ya kuma tsare mana harsunanmu, amin.