Idan Sankara Ta Bazu, Me Ya Rage a Hannun Bawa?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya ƴan'uwa, idan likita ya ce ciwon daji ya tashi daga inda ya fara, ya shiga hanta ko ƙashi ko huhu, aiki da wuƙa ba ya cire shi, domin ƙwayoyinsa sun bi jini. Galibi abin da magani ke iyawa a nan shi ne rage zafi da jinkirta cutar. A wannan gaɓar ake jarraba tawakkalinmu, kuma a nan masu cinikin fata ke samun kasuwa.

Zogale na lambunan Jiratawa abinci ne mai albarka, yana ƙara wa mai jinya ƙarfi. Addu'a da tofi da rubutu suna sanyaya zuciya, kuma Allah Mai ikon warkarwa ne da sababi ko babu sababi. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne mutum ya ɗaure ƙullin sassaƙe, ya rantse zai kashe sankara cikin kwana arba'in, ya karɓi kuɗin gona. Ya sayar da abin da bai mallaka ba, ko da carbi na wuyansa. Mafi muni shi ne mai hana mace zuwa likita tun ƙullutun nono yana ƙarami, alhali tun 2021 akwai na'urar gashin sankara a cibiyar yaƙi da cutar da ke Yamai. Wanda ke ganin zuwa asibiti raunin yaƙini ne, ya tuna Shehu Ibrahim Inyass, Allah Ya ƙara masa yarda, a asibitin Landan ya yi wafati a 1975.

Akwai kuma mai jinyar da ya haƙura, yana son ya bar ƙodarsa sadaka. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta halatta kyautar gaɓa a zamanta na Jidda a 1988, bisa sharuɗɗa, ta haramta sayarwa. Asibitin Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002. Sai dai likitoci ba sa karɓar ƙodar wanda sankararsa ta bazu, saboda cutar na iya bin gaɓar ta kama wanda aka dasa wa. Niyyarsa tana wurin Allah, ba ta ɓace ba.

A ganina sadakar da ta rage masa ta fi ƙoda kusa. Ya hana a sayar da gonar ƴaƴansa don ƙullin da ba shi da tabbas. Ya faɗi basussukansa, ya rubuta wasiyya, ya nemi gafarar waɗanda ya ɓata wa. Wannan ba ya yiwuwa idan dangi sun ɓoye masa halin da yake ciki, suna ta ce masa da sauƙi. Muƙaddami ko babban gida ya zauna da shi, ya gaya masa cikin lallashi, a nemo masa maganin zafi, ƴan zawiya kuma su riƙa kawo wazifa ɗakinsa idan ƙafa ta daina kai shi.