Amanar da Ake Rufewa Cikin Inji

Daga cikin motocin da talaka ya fi cin moriyarsu a ƙasar nan, da wuya a sami wadda ta kai a-kori-kura. Tun bayan da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a shekarar 1975, ƙirar 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya suka zama jakunan zamani, kafin Hilux da ire-irenta su karɓi ragama. Ita ce mai kwasar tumatir da albasa daga kasuwa zuwa lunguna, ita ce kuma gonar direbanta. Ranar da aka ce injinta ya buga, tukunyar gida guda ce ta sauka daga murhu. Wannan maƙala za ta bi irin wannan inji zuwa gareji, domin ta yi tambaya guda: me zai sa mutum ya kyautata aikin da babu idon da zai taɓa ganinsa?

Bari mu fara da abin da ke lalacewa. A cikin inji akwai wani sandan ƙarfe mai gwiwoyi, wato karanshaf, wanda ke mayar da hawa da saukar fistin ya zama juyi. A kowace gaɓarsa akwai wasu 'yan faranta masu siffar rabin zobe, waɗanda makanikai ke kira metal. Da gangan ake shafe fuskarsu da ƙarfe mai taushi, irin dabarar da wani Ba'amurke mai suna Isaac Babbitt ya yi wa rajista a 1839, don idan ɓarna ta zo ta cinye mai araha ta bar mai tsada. Tazarar da ke tsakanin metal da karanshaf ba ta cika wuce milimita 0.05 ba, wato ba ta kai kaurin silin gashi ba. Cikin wannan 'yar tazara baƙin mai ke shiga ya raba ƙarfe da ƙarfe, alhali sandan na iya juyawa sau 50 a daƙiƙa guda. Da zarar mai ya yi ƙaranci, ko ya ƙazantu, ko famfonsa ya gaza, sai ƙarfe ya gogi ƙarfe, metal ya narke, a ji ƙwanƙwasa daga can ƙasa.

Gyaran gaskiya yana da wahala. Sai an sauke injin an warware shi, an kai karanshaf wurin masu gurza su rage shi da awo sananne, galibi milimita 0.25 ko ninkinta, sannan a nemo metal da ya dace da sabon awon. Sai an duba sandunan fistin ko zafi ya karkatar da su, an kuma binciki famfon mai. Uwa-uba, sai an wanke kowace kafa da mai ke bi, domin ɓurɓushin tsohon metal na nan maƙale a ciki, yana jiran ya cinye sabo. Daga ƙarshe a ɗaure kowane noti daidai ƙarfin da aka ƙayyade masa.

To, a nan gizo ke saƙar. Makanikin da ya yi duk wannan, da wanda ya cusa sabon metal kawai ya rufe, dukansu za su murza makulli inji ya tashi lafiya lau. Mai mota zai biya, ya yi godiya, ya tafi. Sai bayan makonni ko watanni bambancin zai bayyana, wataƙila a tsakiyar daji da dare, da kayan gwari a baya. A lokacin kuwa hujja ta ɓace, domin ana iya ɗora laifin a kan jabun mai, ko lodi, ko ƙafar direba.

Masana falsafa sun daɗe da sanin wannan matsala. Aflaton ya kawo labarin wani makiyayi da ya tsinci zobe mai layar zana, aka kuma yi tambaya ko akwai wanda zai ci gaba da adalci alhali ya tabbata ba mai ganinsa. Murfin inji shi ne zoben makaniki. A ɓangarenmu kuma, Kirk-Greene, a nazarinsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya lissafa kunya da amana cikin halayen da Bahaushe ke auna mutum da su. Sai dai ba aiki ɗaya suke yi ba. Kunya da ido take aiki. In ba mai kallo, sai ta yi barci. Amana kuwa daga inda ido ya tsaya take farawa. Al'ummar da ta dogara ga kunya kaɗai za ta sami fenti mai sheƙi a kan inji mai datti, abin da Hausawa ke kira aikin ganin ido.

Mai karatu na iya cewa an matsa wa makaniki. Ai sau da yawa mai motar ne ke cewa a lallaɓa kawai, don yana son fita gobe, kuma kuɗinsa ba su kai ba. Kasuwa ma cike take da kayan jabu masu kwali irin na asali. Wannan gaskiya ne, kuma duk mai neman aikin kwana biyar a farashin yini ɗaya yana da kasonsa na alhaki, tun da araha ba ta ado. Amma talauci iyakarsa ya rage yawan aikin da za a yi, ba ya halatta ɓoye abin da aka bari. Makanikin da ya ce, "Maigida, kuɗinka sun isa metal amma ba su isa gurza ba, kuma haka ba zai daɗe ba," ya sauke nauyinsa, ko da mai motar ya zaɓi lallaɓawa. Cin amana shi ne a karɓi ladan cikakken aiki a miƙa rabi, domin an ƙwace wa mutum damar yanke shawara a kan dukiyarsa da ransa.

Wani kuma zai ce kasuwa da kanta za ta hukunta maha'inci, tun da ramin ƙarya ƙurarre ne. Wani lokaci haka ne, amma a babban gari kamar Legas ko Ibadan, inda baƙi ba sa yankewa, maha'inci na iya tsufa bai rasa ciniki ba. Saboda haka tsoron asara bai isa ya zama dalili ba. Dalilin da ya rage shi ne wanda ya fi ƙarfi: wanda ya miƙa maka abin da ba zai iya dubawa ba, rauninsa ya damƙa maka, kuma cin moriyar raunin wanda ya yarda da kai zalunci ne, ko asiri ya tonu ko bai tonu ba.

Wannan hukunci bai tsaya a gareji ba. Malamin da ke duba takardun jarrabawa shi kaɗai cikin dare, da ɗalibin da ke rubuta kundin da ya san ba kowane shafi za a karanta ba, duk suna tsaye ne a kan buɗaɗɗen inji. Kowannensu ya san kafar da ya wanke da wadda ya tsallake, tun kafin ya mayar da murfi.